Gidan tarihi na Jos, ku je ku ga zamanin kuza

Wallahi duk ɗan Jos ya kamata ya leƙa gidan tarihin nan da ke kusa da gidan zoo, tun 1952 wani Bature masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, ya buɗe shi amma yawancinmu wucewa kawai muke yi. Abin da ya fi taɓa ni gumakan Nok ne, na yumɓu da mutanen zamanin da suka ƙera, masu haƙar kuza ne suka fara tono su a 1928, wato talakawa masu diga da kwano a kai. Ga tsofaffin kawunan jirgin ƙasa na layin da ya haɗa Zariya da Jos, yara sun ƙi barin wajen. Ku nemi mai yin bayani, kuma ku sa takalmi mai daɗi don akwai tafiya sosai. Daga nan ku wuce Bukuru ku ga kududdufan da haƙar ta bari, amma ku riƙe yara, suna da zurfi.