Gargaɗi: Ku Binciki "Dakta" Kafin Ku Miƙa Masa Mara Lafiya

Jama'a, abin nan a gidanmu ya faru, shi ya sa na kasa yin shiru.

Wani mutum ne ya kama hayar gida mai ɗaki uku a bayan unguwarmu, ya shafa farin fenti, ya zuba gadaje huɗu, ya kafa allo a bakin ƙofa. Ga farar riga, ga abin sauraren ƙirji rataye a wuya, ga takardu cikin firam a bango. Kowa Dakta yake ce masa, har da ni.

Ƙanwar mahaifiyata ta je wurinsa da ciwon mara. Ya ce taifot ce, ya ɗaura mata ruwa leda uku. Har yanzu ina ganin bayan hannunta a idona, ya kumbura ya yi baƙi saboda yawan sukar da ya yi yana neman jijiya. Kwana biyu sai labari ya canza, wai afendis ce, sai an yi aiki a daren, a kawo kuɗi kafin Magariba ko ta fashe.

Na ce, "Dakta, wa zai yi mata allurar barci?" Ya ce shi. Na ce, "To don Allah ina lambar rajistarka da lasisin bana?" Nan take fuskarsa ta sauya. "Ni za ka tuhuma? Ɗauki mara lafiyarka!" Inna tana riƙe da rigata tana cewa, "Ɗan nan, ka bar shi, kada ka ja mana abin kunya." Muka ɗauke ta zuwa asibitin gwamnati. Ciwon mafitsara ne, magani kawai aka ba ta. Ba a yi sati biyu ba "Daktan" nan ya kwashe kayansa cikin dare. Daga baya muka ji cewa a wani asibiti ya taɓa taya ma'aikatan jinya aiki, takardun bangon kuma na wani ne.

Kunyar nan ta Inna ita ce jarinsa. Mun taso muna ganin tambayar likita rashin ladabi ne, alhali likitan gaskiya ba ya jin haushinta.

A Najeriya ba wanda doka ta yarda ya yi aikin likita sai hukumar kula da likitoci ta ƙasa, wato MDCN, mai hedkwata a Abuja, ta yi masa rajista. Kowane likita yana da lambarsa, kuma duk shekara yake sabunta lasisi. Kafin nan sai ya yi shekara 6 a jami'a, ya ƙara shekara 1 ta horo a asibiti ƙarƙashin manyan likitoci. Wanda ya karanto a waje, ko Sudan ko Masar, sai ya zauna jarrabawar hukumar. Mai cewa shi ƙwararren likitan tiyata ne kuwa, akwai ƙarin shekaru a kansa, da shaidar kwalejin ƙwararru ta ƙasa da ke Ijanikin a Legas ko ta Afirka ta Yamma.

Kuma kada firam ya ruɗe ku. A 2015 an bankaɗo wani da ya shafe kusan shekara 9 yana aiki a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da takardun abokinsa. Idan har ma'aikata ta ruɗu, ina ga ni da kai? Don haka ku haɗa suna da fuska. Ku tambayi jami'ar da ya gama da asibitin da ya yi horo, sannan ku nemi wani likita da kuka sani ya bincika muku, domin likitocin gari ɗaya sun san juna. Shi ma asibitin yana da tasa rajistar. A Kano hukumar PHIMA ce ke kula da asibitoci masu zaman kansu, a sauran jihohi ku nufi ma'aikatar lafiya.

Mutumin nan na unguwarmu bai daina ba, na tabbata yana wata unguwar ya sake shafa fenti. Salonsa ɗaya ne: taifot, ƙarin ruwa, sai aikin gaggawa da kuɗi kafin dare, kuma ba ya yarda a kai mara lafiya wani wuri a sake dubawa. Duk wanda ya ci karo da irin wannan, ya ɗauki hoton allon da na takardun bango, ya kai wa hukuma tun kafin a kwantar da wani a kan gadon.