Zaɓen hanyar jirgi ga dattijo mai cutar Fakinson daga Maraɗi

Iyalin da ke shirin kai mahaifinsu ko mahaifiyarsu Umra, ko ganin likita a ƙasar waje, sukan fara da tambayar kuɗin tikiti. Idan dattijon yana fama da cutar Fakinson, wadda ke kawo makyarkyata da sandarewar jiki da nauyin ƙafa, ya kamata a fara tambayar sau nawa za a sauke shi a sake ɗora shi, kuma ƙarfe nawa maganinsa zai riske shi a hanya.

Mutumin Maraɗi yana da ƙofofi biyu. Ta Yamai, sai an ci fiye da kilomita 600 a mota, ta Birnin Ƙonni da Dogonduci da Dosso, kafin a kai filin jirgin Diori Hamani, kuma wannan wuni guda ne cur a zaune ga mutumin da jikinsa ke ƙagewa idan ya daɗe bai motsa ba. Daga can, zuwa Saudiyya ko Indiya yawanci sai an canza jirgi, a Adis Ababa ko Istanbul. Ta Kano kuwa, a bi Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina, tafiyar ba ta kai rabin ta Yamai ba, kuma a filin Malam Aminu Kano akan samu jirgin da ke zuwa Jidda kai tsaye cikin kimanin awa 5. Sai dai akwai tsayuwar kan iyaka da shingaye, don haka a tabbatar da takardu da halin da hanyar take ciki kafin a biya. A ganina, ga mai zuwa Umra, Kano ta fi, muddin aka kwana a can aka huta kafin ranar tashi.

Tikitin da ake canza jirgi yakan fi araha, amma kowace tsayawa tana nufin sabon layi da sabon bincike da doguwar tafiya cikin cunkoso, kuma a irin wannan wuri ne ƙafar mai Fakinson ke manne wa ƙasa ya kasa ɗaga ta. Idan ba makawa, a zaɓi jiran awa 3 zuwa 4 a kan tikiti guda, domin jiran awa 1 gudu ne, na awa 10 kuma wahala ce.

Batun kujera shi ne inda aka fi ɓata kuɗi. Kujerar masu hali tana da faɗin miƙe ƙafa, amma idan aljihu ba zai ɗauki kuɗinta da na ɗan rakiya ba, gara a saya wa ɗa ko jika tikitin rakiya, domin ma'aikatan jirgi ba sa ba fasinja magani kuma ba sa taimaka masa a cikin banɗaki. Kujerar gefen hanya kusa da banɗaki ta wadatar, inda zai riƙa miƙewa a hankali yana ɗan takawa, saboda hawan jininsa yakan faɗi idan ya tashi da sauri. Keken guragu kyauta ne, amma a nema aƙalla awa 48 kafin tashi, a kuma fayyace ko Baba zai iya hawa matakala da kansa.

Maganin lebodofa da ake ba masu Fakinson, irin su Sinemet da Madopar, da lokaci yake aiki, kuma yanke shi farat ɗaya haɗari ne. Ya zauna a jakar hannu cikin kwalinsa, tare da takardar likita da rarar kwanaki, kada ko ƙwaya ɗaya ta bi akwatin da za a auna. Saudiyya ta riga Nijar da awa 2, Indiya da awa 4 da rabi, saboda haka a bar agogo ɗaya a kan lokacin Maraɗi har a sauka, sannan a gyara kamar yadda likitansa ya tsara tun kafin tafiya. Abinci mai nama da madara yana rage shigar maganin cikin jiki, don haka a ba shi kamar minti 30 kafin a kawo abincin jirgi. Idan kuma ana tsoron tashin zuciya, kada a sayi Primperan a kanti, domin yana cikin magungunan da ke tsananta cutar.