Wace ruta ce ke raba lambobin IP ba rigima? Shawara ga masu wifi a Damagaram

Mai sayen ruta a Damagaram tambayarsa ɗaya ce: ina ƙarfinta ya kai? Sai a nuna masa mai eriya huɗu, ya biya ya tafi. Amma in siber gare ka, ko wifi na tikiti a bakin tasha, ko ɗakunan ɗalibai kusa da Jami'ar André Salifou, abin da zai fara ba ka ciwon kai rabon lambobi ne. Duk wayar da ta shigo sai ruta ta ara mata lambar IP na ɗan lokaci, aikin da ake kira DHCP. Lambobin na ƙarewa, waya ta tsaya tana ta juyi, kwamfuta ta ba kanta lamba mai farawa da 169.254, jama'a su ce rezo ya ɗauke, alhali rezo na nan lafiya lau.

TP-Link ƙanana irin TL-WR840N suna zuwa da lambobi 100, daga 192.168.0.100 zuwa 199, aron kuma minti 120. Ana iya canzawa, kuma ta ishi gida ko ƙaramin ofis. Tenda ma ajinsu ɗaya. Akwatin Huawei mai cin SIM na iyali ne, kar a ɗora masa kasuwa. Ta Starlink kuwa ba ta sakar maka ragamar rabon, shi ya sa masu sana'a ke haɗa mata wata ruta a baya.

Ni dai MikroTik nake saye, ta ƙasar Latbiya, musamman hEX RB750Gr3. Ba ta da wifi a jikinta, sai ka haɗa mata na'urorin watsawa, kuma Winbox, manhajar da ake saita ta da ita, na tsorata sabon shiga. Amma kai ke da iko. Tana zuwa a kan 192.168.88.1, in lambobi 254 sun yi maka kaɗan, ka faɗaɗa zuwa 510. Matafiyin da ya sayi tikitin awa ɗaya ya hau mota zuwa Magariya, me zai sa lambarsa ta kwana a riƙe? Ka sa aron kar ya wuce minti 30, ta dawo ga wani. Firinta da kyamara kuma ka ɗaure wa kowacce lambarta ta dindindin. MikroTik na ajiye jerin waɗanda ta ara wa lamba, don haka in wuta ta ɗauke ta dawo ba ta farawa daga sifili, abin da duk mai zama garin nan ya san darajarsa. Ka ƙara da cewa tun Android 10 da iOS 14 waya na canza lambar MAC, lambar da ruta ke gane ta da ita, ga kowane sunan wifi, wato in sunaye biyu gare ka, waya ɗaya na iya cin lambobi biyu. Ƙaramar hAP lite ta fi araha, sai dai megabayit 32 ne ƙwaƙwalwarta, ba ta taro ba ce.

Yanzu ga inda ake cutar mutane. Akwai masu haɗawa da za su kafa maka ruta su riƙe kodin shiga. Duk gyaran minti biyar sai ka kira su ka biya. Wani ya taɓa yi mini haka, har yau ban huce ba. Malam, kar ka cika kuɗin aiki sai an ba ka suna da kodi, ka shiga da hannunka a gabansa, ka canza. Wani kuma zai ƙara maka ruta ta biyu don wifi ya kai bayan gida, ya bar DHCP ɗinta a kunne. Masu rabo biyu ke nan a layi ɗaya: rabin wayoyi su samu intanet, rabi su rasa, shi kuma ya ce sai an sayi sabuwa. A kashe na ta biyun kawai, magana ta ƙare.

Ta hannu da aka sa a sabon kwali ma na yawo. Ka gwada lambar siriyal ta kwali da ta jikin na'urar da wadda Winbox ke nunawa. In sun saɓa, ajiye. Ka duba RouterOS ɗin ciki, wato manhajar da ke tafiyar da MikroTik: tsofaffin da ba su kai 6.42.1 ba suna da ƙofar da aka gano a 2018, wadda ake satar kodi ta cikinta. A sabunta, a goge duk saitin tsohon mai ita kafin ta hau layi. Caja kuma ka karanta bolt ɗin da aka rubuta, ka ƙi mara nauyin nan da ake musanya ta asali da ita, don ita ce ke sa ruta mutuwa tana tashi da tsakar rana a watan Afrilu.