Ƙanena ya ce in turo masa sifirin ɗin saukar da mota daga Jamus

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Tun ranar da na saka hoton motata bayan an gama mata aikin ƙafa ƙanena ya hana ni sakat da waya, wai Yaya dan Allah irin sifirin ɗin nan da ka sa motarka ta kwanta ka turo min nima in sa a tawa. Shi ma Marsandi ce gare shi, E-Class W212 irin tawa sak, sai dai tasa tana Kano tawa tana Dortmund. Nace masa ka bari in samu zama in rubuta maka labarin tun daga tushe, don abin ya fi ƙarfin magana a waya, kuma nasan akwai samari da yawa da suke da irin wannan sha'awar.

Motar ta 2012 ce, mai dizal, na saye ta hannu na biyu ta riga ta ci hanya sosai. Bayan kamar shekara ɗaya sai na fara jin in na taka birki gabanta yana dunƙuwa ƙasa, in na bi titunan nan nasu na cikin unguwa da aka shimfiɗa da duwatsu sai inji ƙwas ƙwas a gaban dama. Na leƙa da fitilar waya naga shakazobar gaba, wadda sifirin yake zaune a jikinta, ta jiƙe da mai har ƙura ta manne mata ta zama baƙin laka. Nace toh tunda dai za a buɗe ƙafar, bari in haɗa da ɗan saukar da motar, don wallahi ratar nan da ke tsakanin taya da bodi ta daɗe tana damuna.

A nan na fara yin kuskure. Na shiga intanet naga wasu sifirin masu arha, ba sunan kamfani ba komai, na saya, kuma nace shakazoba ɗaya ce ta mutu ita kaɗai zan canza. A nan akwai gareji da ake ba ka hayar wuri da injin ɗaga mota kana biya awa awa kayi aikinka da kanka, muka je ni da wani abokina ɗan Ghana ranar Asabar muka ɗaura. A ido motar tayi kyau ƙwarai. Amma da na hau titi sai ta koma kamar akuya, tsalle kawai take yi, kowane ɗan tudu sai kaji dum a ƙasa, yarinyata a baya har ta fara cewa cikinta yana juyawa.

Daga baya wani tsohon makaniki Bajamushe ya min bayani, ya ɗauko tsohuwar shakazoba a kan bencinsa ya danna sandar da tafin hannu ya nuna min. Yace sifirin shi yake ɗauke da nauyin mota, ita shakazoba aikinta ta hana shi ci gaba da rawa. In ka sa gajeren sifirin, sandar nan ta riga ta nutse ciki tun motar tana tsaye, hanyar da ta rage mata kaɗan ce, da ka faɗa ɗan rami sai ta je ta daki robar da ke ƙarshe. Ga shi gajeren sifirin ya fi tauri, shakazobar da ta gaji ba za ta iya riƙe shi ba. Yace ko dai ka canza su tare, ko ka bar motar yadda kamfani ya yi ta.

Amma kafin ma in kai ga wannan tsohon sai da na je wajen masu duba lafiyar mota. A Jamus duk shekara 2 dole a duba mota, mutane TÜV suke ce wa abin ko da a kamfanin DEKRA ko GTÜ aka yi, kuma in ka canza wani abu a ƙafar mota ba ka jiran shekara biyun, kai tsaye za ka kai a gani. Mutumin ya shiga ƙarƙashin motar da tocila, ya goge jikin sifirin da yatsa yana neman lamba, babu. Ya fito yace ina takardar da ta zo da su, nace ba su zo da takarda ba. Ba faɗa ba ɗaga murya, yace ba zai iya sa hannu ba, kuma in na ci gaba da yawo a haka izinin hawan motar kan titi ya faɗi, in hatsari ya faru zan sha wahala da inshora. Gaskiyarsa ce. A makon na cire su, kuɗina da wahalata suka tafi.

Toh a karo na biyu sai na bi ta ƙofa. Tsohon nan kafin ya taɓa motar takardarta ya fara karɓa, ya duba lambar shasi mai harufa 17, ya duba nauyin da gaba yake ɗauka da wanda baya yake ɗauka, don a rubuce suke a takardar. Ashe W212 ɗin ma ba sifirin ɗaya suke amfani da shi ba, mai babban inji ko mai jan ƙafa huɗu gabanta ya fi nauyi, nata daban ne. Ya tambaya ko mai iska ce, wato Airmatic, don ita wannan ba sifirin ƙarfe gare ta ba balan-balan ce, hanyar saukar da ita daban. Sannan ya gaya min abin da ban taɓa sani ba, cewa samfurin Avantgarde daga kamfani an riga an sauke ta milimita 15, saboda haka in kwali ya ce zai sauke 30, kai wajen rabi kawai za ka gani. Samari da yawa a nan suke jin an cuce su alhali lissafin ne ba su yi ba.

Abin da ya burge ni, kamfanonin da ake ta kiran sunansu a duniya kusan maƙwabtana ne. Bilstein a Ennepetal suke, ba nisa da Dortmund, Eibach a Finnentrop, H&R a Lennestadt, duk a jihar nan tamu. KW suna kudu a Fichtenberg, Koni kuma na Holan ne. Bilstein sun jera kayansu da lamba: B4 baƙa ce, madadin ta kamfani, laushi iri ɗaya tsayi iri ɗaya. B6 ruwan ɗorawa ce, ta fi tauri amma don motar da ba a sauke ba. B8 ita ce aka gajarta mata sanda musamman don gajeren sifirin. A ɓangaren sifirin kuma Eibach suna da Pro-Kit mai saukewa kaɗan, wajen milimita 30, kamar faɗin yatsu biyu, da Sportline mai kwantar da mota sosai. Akwai kuma irin na KW mai zare a jiki da kake juyawa ka zaɓi tsayin da kake so, yana da kyau amma kuɗinsa ya ninka, kuma da gishirin da suke zubawa a titi lokacin ƙanƙara in ba ka kula da zaren ba sai ya ciza.

Ni B8 na ɗauka da Pro-Kit. Ra'ayina shi ne wanda ya sayi E-Class laushi ya saya, in ka kwantar da ita har ƙasa ka kashe abin da ka biya kuɗi dominsa, gara tun farko ka sayi ƙaramar motar gudu. Kuma ba zan ɓoye muku ba, ko a hakan ma ta fi da tauri, maman yara ta lura tun ranar farko. Inda nake jin daɗinta a Autobahn ne, babbar hanyar Jamus, kana kan 150 ko 160 ka canza layi motar ba ta karkata ba ta lilo, ta manne da kwalta, in ka taka birki gaba ba ya dunƙuwa.

Maganar kuɗi kuwa sai haƙuri. Shakazoba huɗu da sifirin da robobin sama da sabbin kusoshi sun haura Yuro 1,000. Kuɗin aiki da awa ake lissafawa, an rubuta a takarda tun kafin a fara, ba ciniki ba alfarma, kuma sai da na jira kusan mako biyu kafin ranar da aka ba ni ta zo. A nan ne nake kewar gida wallahi. A Kano da safe ka kai mota, oga ya girgiza ta da hannu ya saurara ya gaya maka ciwonta, ya tura yaro Ƙofar Ruwa da tsohuwar a hannu, kafin la'asar ka ɗau motarka, in kuɗinka bai cika ba yace kawo sauran in Allah ya hore. Kunnen makanikan gida da basirarsu ban ga irinsu a nan ba, na nan in kwamfuta ba ta nuna ba wani lokacin sai yace ka dawo wani makon.

Amma abin da na nan suka fi mu shi ne kowane ƙarfe yana da asali kuma akwai wanda zai amsa in ya lalace. Makaniki sai ya yi shekara 3 da rabi yana koyo, kuma ba ka buɗe gareji sai da shaidar Meister, wato ta ƙwararren oga. Sabon kaya doka ta ba ka shekara 2 in aibu ya fito daga wajensu, wanda ka saya ta intanet kana da kwana 14 ka mayar ba sai ka faɗi dalili ba. A gida kuwa da ido ake gwadawa, in tsayi ya yi daidai ramin kusa ya hau shikenan an ɗaura. Kuma kayan Beljiyam ɗin da muke yabo, ni naga inda suke fitowa, na je filin da ake farfasa tsofaffin motoci naga ana jibga ƙafafun mota a kwantena za a kai tashar ruwa ta Hamburg ko Antwerp. Akwai masu kyau a ciki, amma shakazoba ba ta da mita a jikinta, ba wanda zai gaya maka kilomita nawa ta ci. Na tuna wadda aka taɓa sa wa motar Baba, an huda ta an ɗura mai an toshe an fesa fenti, ko wata biyu ba ta yi ba ta zubar.

Bayan an ɗaura nawa tsohon bai ƙulle kusoshin ƙafa ba sai da motar ta zauna a kan tayoyinta, yace in ka ɗaure tana rataye bushin zai murɗe ya yage da wuri. Aka yi alaimen, aka sake saita fitilun gaba. Na koma wajen dubawa da takardar a hannu, wannan karon ya ga lambar jikin sifirin ta yi daidai da ta takarda, ya ɗauko tef ya auna daga ƙasa zuwa fitila, ba a yarda ta gaza santimita 50 ba, lambar motar ta gaba kuma 20, ya ɗora taya ɗaya ta gaba da ɗaya ta baya a kan tudu ya leƙa ko taya tana gogar bodi. Sannan ya buga tambari. Takardar tana cikin motar har yau.

Toh ƙanena ga amsarka. Ba zan turo maka sifirin saukarwa ba, ba don rowa ba. Ni da nake kan titin Jamus ma in zan gangara garejin ƙarƙashin ƙasa sai na karkace motar na bi a hankali kada bamba ta gogu. Kai kuma ka tuna layin gidanmu da damina, ka tuna tudun siminti na ƙofar gida, da tuddan rage gudu da kowace unguwa take ginawa yadda ta ga dama, da ranar biki in Hajiya da su Anti sun cika baya ga kaya a but. W212 a yadda take ma ƙasa gare ta, shi ya sa mutanenmu ɗaga mota suke yi. In ka rage mata yatsu biyu botom filet ne zai fara gaisawa da dutse, mai ya tsiyaye ba ka sani ba inji ya buga, kuma kuɗin injin nan ya ninka na ƙafar sau nawa.

Abin da zan turo maka shi ne B4 ko ta kamfanin Sachs, guda huɗu sabbi dal, tsayin kamfani, da robobin sama da rigar ƙura da kusoshi. Za ka ji motar ta dawo kamar ranar da ta fito. Ka gaya wa makanikinka a canza su bibbiyu, hagu da dama tare, kar ya yarda a yanke sifirin ko a gasa shi da wuta, ya matse sifirin gaba da abin matsewa na gaske kar a ɗaure da igiya ko waya don in ya kuɓce yana iya kashe mutum, a ƙulle kusoshi motar tana ƙasa, sannan a wuce alaimen a ranar. In kyan gani kake so ka gyara wili ka sa taya mai kyau mai ɗan kauri.

Ka ɗauko min hoton lambar shasi, ka duba ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba ko takardar motar, ka kuma leƙa ka gaya min ko sifirin ƙarfe ne a baya ko mai iska ce. Akwai wani ɗan uwa da zai loda kwantena ƙarshen wata, in hoton ya zo da wuri zan sa kayan a ciki. Ka gaishe min da Hajiya da kyau, kace maganin ƙafarta ma yana cikin kayan.