SeeThroughNY da dokar FOIL: iya abin da za ka samu kan fanshon naƙasa a New York

Shafin SeeThroughNY na cibiyar Empire Center ne, wadda ke birnin Albany, an buɗe shi a 2008, kuma yana wallafa albashi da fanshon ma'aikatan gwamnatin jihar New York da na ƙananan hukumominta. Kyauta ne. Ka shiga sashen fansho, ka rubuta suna ko ka zaɓi hukuma da shekara, sai jeri ya fito da sunan wanda ya yi ritaya da kuɗin da ake ba shi. Ta fuskar sauƙi da sauri ba shi da abin kushewa.

Sunayen nan da shari'a aka samo su. Wasu asusun fansho sun fake da wani sashe na dokar da ya kare suna da adireshin magajin mai fansho. A 2014 kotun da ta fi kowace girma a jihar ta yanke cewa magaji daban, wanda ya yi ritaya daban, don haka a bayyana sunansa, adireshin gidansa kuwa a rufe.

Matsalar tana wajen karanta adadin. Ɗan sanda ko ɗan kwana-kwana na tsohon tsarin fansho a birnin New York, in ya cika shekara 20, rabin albashinsa na ƙarshe yake karɓa. In kuwa rauni a bakin aiki ya fitar da shi, kashi 75 cikin 100 ne, kuma galibi ba harajin tarayya. Amma kuɗin aikin bayan lokaci ma yana kumbura fansho, haka daɗewa a aiki. Saboda haka adadi mai tsoka kaɗai ba hujja ba ce ta naƙasa, balle ta zamba. Akwai kuma dokar da ke ɗaukar ciwon zuciyar waɗannan ma'aikata a matsayin wanda aiki ya jawo, sai in an tabbatar da akasin haka. Mutum yana iya tafiya da ƙafarsa, a gan shi garau, alhali fanshonsa halal ne. Masu yaɗa sunaye suna nuna yatsa nan suke zaluntar mutane.

Wanda yake son zurfafawa sai ya bi ta dokar 'yancin samun bayanai ta jihar, FOIL. Kowa na iya nema, ba sai mazaunin jihar ba, kuma ba a tambayar dalili. Rubuta wa jami'in bayanai na asusun da ya dace. Nan ake yawan tuntuɓe, domin birnin New York kaɗai yana da asusu biyar, na jiha kuma daban suke. Hukuma tana da kwanakin aiki 5 ta bayar, ta hana, ko ta ce ta karɓa tare da ranar da take sa ran amsawa, kuma wannan na ukun shi aka fi gani. In an hana, kwana 30 gare ka ka ɗaukaka ƙara, su kuma su amsa cikin kwanakin aiki 10. Daga nan sai kotu, cikin wata huɗu. Kwafin takarda santi 25 ne kowane shafi, don haka ka nemi a turo ta imel. Kada ka aika tambaya, ka nemi takarda ko bayanan da ke ajiye, domin doka ba ta tilasta musu ƙirƙirar sabon rahoto.

Rahoton likita da tarihin ciwo ba za ka same su ba, kuma hakan daidai ne. Kuɗin na jama'a ne, ciwon kuwa na mai shi ne. Abin da ya kamata a nema shi ne alƙaluman da ba suna: buƙatun fanshon naƙasa nawa aka shigar a shekara, nawa aka amince, nawa aka ƙi, daga wane sashe. Irin wannan lissafi ne ya tona badaƙalar kamfanin jirgin ƙasa na Long Island a 2008, lokacin da jaridar New York Times ta nuna cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na ma'aikatan da suka daɗe suna samun kuɗin naƙasa bayan ritaya. A 2011 aka fara kame, har da likitoci. Asusun da ke biyan wancan kuɗin na tarayya ne, dokar 'yancin samun bayanai ta tarayya, FOIA, ce ke aiki a kansa, ba FOIL ba.

SeeThroughNY ya isa ga mai son sanin nawa ake biyan wane. Mai binciken yadda kwamitin likitoci da amintattun da ke kula da asusun ke amincewa da buƙatun naƙasa kuwa, shafin mafari ne kawai, sai ya shirya wasiƙar FOIL da haƙurin jiran watanni.