Wayar ɗaure tumatir mai rufin roba

Masu renon tumatir a buhu a bayan gida sun san matsalar: dashe ya fito siriri, ya yi zaƙwal, iska kaɗan ta kwantar da shi. Shi ya sa na sayi naɗin wayar nan mai rufin koriyar roba a wani shagon kayan noma a Sabon Gari, Kano.

Laushinta ne ya fi burge ni. Zaren buhu yana cin jikin kara idan karan ya yi kauri, har ka ga shatinsa. Wannan kuwa da hannu ake lanƙwasa ta, a zagaya ta kamar lamba 8 tsakanin kara da sandar gora, a bar wurin da ɗan yatsa zai shiga. Tumatirina, irin da ake kira Roma VF, ya ɗauki 'ya'ya, ba reshen da ya karye.

Amma kada sabon manomi ya ɗauka waya za ta gyara komai. Ƙarancin rana ne ke sirantar da dashe, yana miƙewa neman haske. A ajiye shi inda zai samu rana awa 6 ko fiye, a rage takin zamani, a bar iska ta riƙa kaɗa shi don ya yi ƙwari. Wajen dasawa kuma a binne karan har kusa da ganyen farko, domin tumatir yana fitar da saiwa a jikin kara.

Aibinta ɗaya: zafin Afrilu yana tsattsaga robar, ƙarfen ciki ya yi tsatsa da damina. Mai shagon ya faɗa mini haka tun kafin in biya, kuma wurinsa zan koma.