Google Scholar, Scopus ko OpenAlex: wanne ya kamata ka kama kafin jami'a ta fitar da dala?

Kwanaki wani ƙanina lakcara a ɓangaren kimiyyar noma ya same ni a laburare da waya a hannu ransa duk a jagule, wai ya duba Google Scholar ya ga adadin waɗanda suka ambaci ayyukansa a nasu binciken, ya koma Scopus ya tarar ko rabi bai kai ba, ga shi takardun ƙarin girma zai miƙa. Da muka zauna muka bi abin a hankali sai muka ga ashe shi ne ya rubuta sunansa iri uku a takardu daban daban, nan Muhammad can Mohammed, wata kuma ya sa sunan garinsu a ƙarshe, sai na'ura ta ɗauka mutum uku ne. Toh wannan ne ya sa na ce bari in zauna in jera ma'aunan aikin bincike ɗin nan da ake ta magana a kai, don malamai da kwamitocin jami'a su san me suke saya, me kuma yake kyauta.

Mu fara da Google Scholar tunda shi kowa ya fi sani. Tun 2004 yake, ba a biyan ko sisi, ka buɗe shafinka da imel ɗin jami'a shikenan, zai lissafo maka sau nawa aka ambace ka, ya ba ka h-index ɗinka. Shi wannan h-index wani masanin kimiyyar fiziks ne a Amurka, Jorge Hirsch, ya fito da shi a 2005, ma'anarsa in an ce naka 8 ne to kana da takardu 8 da kowacce an ambace ta aƙalla sau 8. Alfanun Scholar a wajenmu shi ne bakinsa faɗi gare shi, yana kwaso kundin digiri, babin littafi, takardar taro, mujallun gida da ke kan AJOL, wato dandalin mujallun Afirka da ya fara tun 1998 wanda mujallun Najeriya suka fi yawa a ciki. Amma faɗin bakin nan shi ne kuma aibinsa, ba ya tantancewa, mujallar bogi ma yana ƙirgawa, kuma in ka bar shi yana ƙara maka takardu da kansa wallahi za ka wayi gari da aikin wani Abubakar ko Ibrahim da ba ka taɓa gani ba a shafinka. Ka kashe wannan ƙarin na kai tsaye, ka sa ya riƙa tambayarka tukun.

Scopus kuma na kamfanin Elsevier ne, shi ma 2004 ya fito, Web of Science na Clarivate ne kuma ya girme shi nesa ba kusa ba, asalinsa aikin Eugene Garfield ne da ya fara fitar da kundin ambato na kimiyya a 1964. Su biyun nan su ne na kuɗi, kuma da kuɗin waje ake biya duk shekara, kaga da yadda canji yake yanzu ba ƙaramin abu ba ne. Abin da kake saya a wajensu shi ne tantancewa, ba kowace mujalla suke ɗauka ba. In burin jami'arku shiga jerin manyan jami'o'in duniya na Times Higher Education ko QS ne, su da bayanan Scopus suke aiki, jerin Shanghai kuma da na Clarivate. Impact Factor, wato makin yawan ambaton da takardun mujalla ke samu, da ake yawan tambaya a wajen ƙarin girma shi ma na Clarivate ne, kuma dan Allah a riƙa tunawa mujalla yake aunawa ba mutum ba, wannan ne ma ya sa masana suka tsara wata sanarwa mai suna DORA a San Francisco a 2012 ana cewa a daina yanke wa malami hukunci da shi.

Abin da da yawa ba su sani ba, akwai ɓangaren Scopus da ba sai an biya ba. Za ka iya duba shafin marubuci, ka ga jerin mujallun da suke ciki da waɗanda aka cire, har ka nemi a haɗe maka sunayenka da suka rarrabu, abin da muka yi wa ƙanina kenan. Shafin SCImago shi ma kyauta ne, nan za ka ga mujalla Q1 ce, wato ajin sama, ko Q4, ajin ƙasa. Kafin ka tura wa wata mujalla kuɗin bugawa don ta rubuta a shafinta wai tana Scopus, je ka duba da idonka, minti biyar ne.

Inda nake so malaman Hausa da Larabci da tarihi da addini su tsaya su yi tunani shi ne nan. Waɗannan manyan ma'aunai an gina su ne kan mujallun Turanci, musamman na kimiyya da likitanci. Malamin da ya shekara talatin yana rubutu da Hausa, yana bugawa a irin su Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, ga littattafai da ɗalibai ke karantawa daga Sakkwato har Damagaram, in ka auna shi da Scopus sai ka ga kamar bai yi komai ba, alhali ma'aunin ne bai kai inda aikin yake ba. Jami'ar da ƙarfinta yake a waɗannan fannoni ta sayi Scopus don ta auna kanta, ta sayi mudun da ba na hatsinta ba. Abin da ya fi mata shi ne ta ɗora tsofaffin mujallun nan a intanet, kowace maƙala da taƙaitaccen bayani da lambar DOI, wato lambar shaidar maƙala ta dindindin a intanet, yadda injin bincike zai iya ganinsu.

Sai OpenAlex, wanda ni shi na fi ba ƙananan jami'o'i shawara su gwada. Ya fito a farkon 2022 bayan Microsoft ta rufe nata rumbun, buɗaɗɗe ne, yana da faɗi sosai, za ka iya neman jami'a sukutum ka ga abin da ta fitar. Jami'ar Sorbonne ta Faransa ma ta daina biyan Web of Science daga 2024 ta koma kansa. Matsalarsa har yanzu yana cakuɗa sunaye da adireshin ma'aikata, sai an samu mutum ɗaya a laburare da zai riƙa bi yana gyarawa.

Webometrics fa, jerin jami'o'in nan da shugabannin jami'a suke yawan ambato in ya fito? Shi ba sayensa ake ba. Wani rukunin masu bincike ne a hukumar bincike ta Sifaniya, CSIC, suka fara shi a 2004, kuma kaso mafi tsoka na makin yana zuwa ne daga yawan shafukan waje da suke nuni zuwa adireshin jami'a a intanet. Kenan jami'ar da take da adireshi biyu ko uku, ko malamanta kowa na amfani da Gmail, ko kundayen ɗalibai na jibge a sito ƙura na ci, ita ke rage wa kanta maki. In wani ya zo ya ce ku biya shi ya ɗaga ku a Webometrics cikin wata uku, ku riƙe kuɗinku ku gina rumbun ajiyar takardun jami'a a intanet da DSpace, manhajar kyauta ce, kwamfutar ajiya (server) da wuta da ma'aikaci kawai za ku nema.

Altmetric, mai nuna makinsa cikin zobe kala kala, yana ƙirga inda aka yi maganar takardarka a jaridu da Wikipedia da takardun hukuma da soshiyal midiya. Yana da amfani ga masu aikin lafiya da noma da ke son nuna wa masu ba da tallafi cewa aikin ya isa ga jama'a, amma hirar rediyo da muhawarar WhatsApp da suka fi tasiri a wajenmu ba ya jinsu, don haka ban ga dalilin ƙaramar jami'a ta biya masa kuɗi ba. Makin ResearchGate kuwa, shafin da masu bincike ke ɗora takardunsu, su da kansu sun janye shi a 2022.

In kai ɗaya ne, ORCID za ka fara yi yau ɗin nan, lambar shaidar mai bincike ce mai gurbi 16 da ba a biya, tun 2012 ake bayarwa, ka zaɓi rubutun suna ɗaya ka tsaya a kai har ka yi ritaya, sannan Scholar. In kwamiti ne, ku fara da adireshi ɗaya, imel na jami'a ga kowa, rumbun ajiya, DOI ga mujallunku, ku shekara kuna duba kanku a OpenAlex. Ranar da kuka ga takardunku na kimiyya da likitanci sun yi yawan da za ku nemi shiga Times Higher Education, lokacin ne za ku nemi farashin Scopus, kuma ku nema tare da wasu jami'o'i a ƙungiyance, ku ce a ba ku gwaji na wasu makonni kafin ku sa hannu.